Bokiti Goma Sha Ɗaya

Shekara ashirin da bakwai ina sharar ɗakin maza,
ni Tanimu, mutumin Gyallesu.
Na san rufin nan kamar yunwar cikina.
In hadari ya haɗo ta wajen Kufena
ba na jira a ce mini tashi.
Bokiti goma sha ɗaya gare ni,
kowanne da mazauninsa:
shuɗin a gindin gado na huɗu,
mai tsagaggen baki a bayan ƙofa,
na ƙarfen, mai surutu,
can nesa da masu ciwon kai.

Gado na tara, bulo ne ƙafarsa guda.
Ƙusa a bango ke riƙe ledar ƙarin ruwa.
Fanka ta daina juyi tun gashina na baƙi,
gizo-gizo ya ci gadonta.
Wani dare Sista Rifkatu ta ɗinke kan ɗan acaɓa,
fitilar waya a bakina,
hannuwana biyu sun danne shi,
yana kiran uwarsa, ni ba damar in ce sannu.

Sau uku ana kafa allo a bakin asibiti.
Na farko gara ta ci ƙafarsa.
Na biyu mai shayi ya yi rumfa da shi.
Na uku rana ta lashe rubutun,
sai sifilai suka rage a jere
kamar ƙwan zabi a faranti.

Sun zo, hankici a hanci,
suna cewa za a taimaka mana.
Taimako?
Kuɗin Kande ne, mai tumatir a Sabon Gari,
da ake yankar wa rasit tun ba ta yi ciniki ba.
Kuɗin malamin firamare ne
da ake zaftarewa kafin albashi ya ga aljihu.
Kuɗin yaron nan ne mai ɗinki bakwai a ka.
Wanda ya ba ka ajiya, in ya zo karɓa,
ba roƙo ya kawo shi ba.

Malam Jatau a gado na huɗu ya cika,
daren Laraba, cikin Agusta.
Ban ce rufi ya kashe shi ba, Allah na gani.
Amma ɗansa na laƙƙana masa shahada,
tsakanin kalma da kalma
ruwa na cewa ɗis, ɗis, cikin shuɗin bokiti.
Har yau in na yi alwala a kwano, ina jin sa.

To, bana katafila ta iso, da ƙafarta.
Muka kwashe marasa lafiya zuwa tsohon ɗakin taro.
Wata yarinya mai hular kwano, Injiniya Bilkisu,
ta tare ni ina wanke tsumma:
Baba, ina ruwa ya fi taruwa?
Na waiga, na zaci da wani take.
Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya tambaye ni.

Na zagaya da ita.
Na ce a ɗaga daɓe, ruwan titi nan yake kwana.
Ƙofa ta isa gado ya wuce ba sai an karkata mutum ba.
Taga ta kalli iska.
Kuma masu jinya,
waɗanda ke shimfiɗa kwali a gindin dalbejiya,
su ma mutane ne, a yi musu ko da benci.
Ta rubuta. Na ga biron yana tafiya.

Watan gobe zan ajiye tsintsiya.
Ƙafafuna sun fara kumburi da yamma,
wataƙila sabon gadon ni yake jira.
Shi ya sa nake zama bakin shinge
ina ƙirga buhunan siminti,
masu shiga da rana,
da masu son fita da dare.

Bokiti goma na rabar wa maƙwabta.
Shuɗin yana ƙarƙashin gadona.
Za a yanka zare, za a yi tafi, na sani,
amma ni sai damina ta zo
ta duba aikin, ta sa hannu.